Tsohon Kwatance Na Ɓatar Da Matafiyi: Yadda Aka Yi Wa Takardun Python 2 Ritaya

Duk wanda ya taɓa tambayar hanya a baƙon gari aka kwatanta masa da bishiyar da aka daɗe da sarewa, ya san wahalar da tsohon kwatance ke jawowa. A kan irin wannan wahala muke so mu yi magana a wannan wata, domin matasa da yawa a unguwanninmu sun duƙufa wajen koyon aikin kwamfuta, kuma galibi da littattafan gwanjo da takardun da suka samo a intanet suke karatu.

Python harshe ne da ake rubuta wa kwamfuta umurni da shi. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991. Kyauta ake samunsa, kuma kowa na iya duba cikinsa ya kawo gyara. Aikin gayya ne: 'yan sa kai daga ƙasashe daban-daban ne ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa, har da rubuta takardun da ke bayyana yadda ake amfani da shi.

An fitar da Python 2 a shekarar 2000, sannan Python 3 ya biyo baya a watan Disamba na 2008. Sabon bai yi daidai da tsohon ba a wurare da dama. Alal misali, idan ka ce wa Python 2 ya raba 5 gida 2, sai ya ba ka 2, ya yar da ragowar. Python 3 kuwa 2.5 zai ba ka. Babu wani gargaɗi da zai fito, amsa ce kawai ta bambanta. To, a ce lissafin kuɗin adashe ko na shago yaro yake yi da tsohon littafi a hannu, kun ga inda rigima za ta taso. Wani bambancin ma ya shafe mu kai tsaye: Python 3 yana karɓar baƙaƙen kowane harshe tun daga tushe, saboda haka ɓ da ɗ da ƙ da rubutun ajami sun fi sauƙin sarrafawa a cikinsa.

Shekara da shekaru 'yan sa kan nan suna kula da iri biyu, da takardu kashi biyu. Da farko sun sa 2015 a matsayin lokacin sallamar tsohon, amma ganin kamfanoni da makarantu ba su shirya ba, sai a 2014 aka ƙara wa'adin shekara 5. Ranar 1 ga Janairun 2020 wa'adi ya cika, a watan Afrilu na wannan shekarar kuma aka saki fitowa ta ƙarshe, wato 2.7.18. Daga nan babu sauran gyara, ko da an gano kafar da ɓarayin intanet za su iya bi.

Saura takardu. Da an goge su, da an cuci masu tsofaffin manhajoji waɗanda sai da su za su gane abin da ke hannunsu kafin su yi ƙaura. Da an bar su yadda suke, da sabon ɗalibi ya ɗauka na yanzu ne. Sai aka bi tsakiya: aka adana su, aka daina taɓa su, aka manna sanarwa a samansu cewa na tsohon iri ne da aka daina kula da shi, tare da nuna inda sababbin suke.

Haka suke yi har da ƙananan sassa. Kafin a cire wani abu, sai an yi ta gargaɗi a rubuce. Wani sashe da ake kira distutils an sanar da shirin cire shi a fitowa ta 3.10 a 2021, ba a cire shi ba sai a ta 3.12 a 2023.

Shawararmu ga ɗalibai ita ce, kafin ku sayi littafi ko ku biya kuɗin kwafi, ku duba shekarar bugu da lambar irin da yake koyarwa. Malaman da ke koyar da kwamfuta su ma su binciki kabad ɗinsu. Shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, masu riƙe da tsofaffin dokoki da jerin sunayen da rabinsu sun tashi daga gari, su ɗauki darasi: a rubuta kwanan wata a kan kowace takarda, wadda ta tsufa a sa mata alama a ajiye ta gefe, a kuma faɗa wa jama'a wadda ta maye gurbinta.