Shekara uku a can, aji biyu a nan: ina sauran karatun ya shiga?

Da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom ɗin DE, na masu shiga jami'a kai tsaye, sai tsohuwar gardama ta tashi a majalisu da zaurukan WhatsApp. Wannan ya ce ya ji an ce mai NCE aji uku zai faɗa bana. Wancan ya rantse doka ta tilasta wa jami'a ta ɗora ɗalibin da ya sauya makaranta daga inda ya tsaya. In aka je aka tarar ba haka ba ne, sai a ce an ci zalin yaro don ba shi da kowa a sama.

A gidanmu ma an yi wannan. Ɗan yayata yana dab da gama shekara ta uku a wata jami'a a Khartum yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Yana cikin waɗanda aka kwaso, da jaka ɗaya da hotunan sakamakonsa a waya. Aka yi wata da watanni ana zirga-zirga, daga ƙarshe jami'ar da ta karɓe shi ta ce aji biyu. Ranar da ya kawo labarin, uwarsa ta ajiye muciya ta dube shi ta ce, "To, tumakin da na sayar shekara uku fa? A wane aji aka saka su?"

Abin da ke ba ni haushi a wannan gardama shi ne yadda kowa ke ƙirga shekaru, alhali jami'a kwas take ƙirgawa, kowane kwas kuma da nauyinsa, wanda ɗalibai ke kira yunit. Yunit ɗaya shi ne awa guda ta lacca a mako har tsawon zangon karatu, kimanin mako 15. A ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i, NUC, digirin shekara huɗu ba ya kasa yunit 120. Idan ɗalibi ya zo daga wata makaranta, shugaban sashe zai shimfiɗa takardu biyu a teburinsa: jerin kwasa-kwasan da ake koyarwa a sashensa, da cikakken sakamakon baƙon. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka koyar a can, shi ake koyarwa a nan? Awa nawa aka yi ana koyar da shi? Da wane maki ya ci?

Wanda ya yi karatun allo bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Almajiri ya je wa sabon malam ya ce ya kai izu talatin, malam ba zai ƙaryata shi ba, amma zai ce ya zauna ya biya masa. In ya ji tilawar da rauni a baya, can zai mayar da shi. Haka wanda ya auno gero da mudun ƙauyensu ya kawo Dawanau, sai an sake aunawa da kwanon kasuwar, kuma ba lallai lissafin ya fito daidai ba. Magini ma in aka kira shi ya ƙarasa ginin da wani ya fara, sai ya ƙwanƙwasa tubalin ƙasa kafin ya yarda ya ɗora bene, don ranar da gini ya rufta sunansa za a kira. Takardar digiri sunan jami'ar da ta bayar take ɗauke da shi, shi ya sa jami'a ba ta ba da ita ga wanda bai yi aƙalla shekara biyu ta karatu a cikinta ba, kome nisan da ya yi a wani wuri.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba: a yarda ka ci kwas daban, a ƙirga maka shi a digirinka daban. Ɗan yayata ya yi darussan Larabci da na addini da jami'arsa ta can ta wajabta wa kowa, ya kuma ci su da maki mai kyau. Babu wanda ya ce na jabu ne. Sai dai sashen kimiyyar da ya shiga ba shi da gurbin da za a zuba su. Kamar ka je biki da buhun gishiri ne, a yi maka godiya, amma shinkafa ake nema. A ɗaya ɓangaren, kwas biyu na aji biyu da bai taɓa yi ba su ne tsanin hawa na aji uku, dole ya koma ya taka su.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke fama. A Amurka, inda ɗalibai da yawa ke fara kwalejin shekara biyu kafin su wuce jami'a, ofishin bin diddigin ayyukan gwamnati ya fitar da rahoto a 2017 cewa masu sauya makaranta kan yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na yunit ɗin da suka tara. Ƙasashen Turai kuwa mudu ɗaya suka yanka wa kansu, shekarar karatu yunit 60 ce a mudunsu ko a Faransa ko a Jamus, duk da haka makarantar da ke karɓa ita ke da ta cewa.

Masu NCE su ne nake ganin kukansu da hujja. Mutum ya yi shekara uku a kwalejin ilimi, har da koyarwar gwaji, wani ya yi difloma ta shekara biyu, wani ya yi IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello cikin kusan shekara guda, duka a tara su a aji biyu. Mai DE yunit 90 ake nema a wurinsa maimakon 120, ke nan duk wahalar baya yunit 30 aka yi mata kuɗi. Makin da ya samo a kwaleji kuma ƙofa kawai yake buɗe masa, lissafin darajar digiri sabo ake farawa. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu za ta iya rage wannan ciwo, in an samar da malamai da kayan aiki.

Su ma jami'o'in suna da abin tsoro. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Tun daga nan duk takardar da ta zo daga waje kallon zargi ake yi mata, mai gaskiya ya biya bashin maƙaryaci. A fannin likitanci kuwa, ko takardunka sun cika, akwai adadin ɗaliban da majalisar likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta.

Inda ban yi wa hukumomi uzuri ba shi ne rufa-rufa. Tun Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda kashi 70 cikin ɗari nata iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar nan. Me zai hana kowane sashe ya liƙa a allon sanarwa cewa kwas kaza na makaranta kaza daidai yake da namu kaza, yaro ya san matsayinsa kafin ubansa ya biya kuɗi? Ga kuma azabar karɓo cikakken sakamako daga tsohuwar makaranta, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ba.

Mu ma da namu sakacin, don ba ma ajiye komai sai takardar maki, ita kuwa sunan kwas kawai take nunawa. Kwas ɗaya ɗan yayata ya ceto bayan an riga an soke shi. Wani abokinsa da ya gudu Masar ya turo masa hoton jadawalin abin da aka koyar mako-mako, da Larabci, gefen takardar duk shatin shayi. Muka kai aka fassara aka buga hatimi. Shugaban sashe ya sa tabarau ya bi shi layi-layi da bakin biro, sannan ya jawo fayil ɗin ya rubuta yunit uku.