Tsaunukan Mandara: Mafakar da ta zama sansanin mayaƙa

Tsaunukan Mandara sun miƙe ne tsawon kusan kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru, inda suka ratsa ta yankin Gwoza a jihar Borno da Madagali a jihar Adamawa.

Tun a watan Satumban 2004, mayaƙan da aka yi wa laƙabi da 'yan Taliban suka kai hari a ofisoshin 'yan sanda na Bama da Gwoza, sannan suka haye waɗannan duwatsu.

A watan Agustan 2014 kuma ƙungiyar Boko Haram ta ƙwace garin Gwoza, Abubakar Shekau ya ayyana daularsa, watanni kaɗan bayan kisan Sarkin Gwoza, Idrissa Timta.

Sojoji sun ƙwato garin a watan Maris na 2015, amma da yawa daga cikin mayaƙan suka janye zuwa kan tsaunukan.

Me ya sa suka gagara?

Wurin cike yake da koguna da manyan duwatsu, babu hanyar da tankar yaƙi za ta bi. Wanda ke sama yana hango mai tahowa tun daga nesa.

Ga kuma iyaka: idan wuta ta yi zafi ta ɓangaren Najeriya, sai a gangara Kamaru.

Irin wannan dama ce mayaƙan Kurdawa na PKK suka samu a tsaunukan Kandil, kan iyakar Iraƙi da Iran. Turkiyya ta daɗe tana yi musu luguden wuta ta sama ba tare da ta raba su da wurin ba, har ƙungiyar ta sanar da rusa kanta a watan Mayun 2025.

Talakawa ke ɗanɗana kuɗarsu

A da, waɗannan duwatsu su ne mafakar ƙananan ƙabilun yankin daga masu farautar bayi, irin su Hamman Yaji na Madagali.

Yanzu jikokinsu ne aka kora daga gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse, dubbai suka tsere zuwa sansanin Minawao a Kamaru.

A ranar 29 ga Yunin 2024, mata 'yan ƙunar baƙin wake sun hallaka mutane da dama a Gwoza, ciki har da masu halartar biki.

Muddin manomi ba zai iya zuwa gona ya dawo lafiya ba, ƙwato gari kaɗai ba ya nufin zaman lafiya ya dawo.