Makwarwar Andalus Mai Jan Ƙafa

Daga cikin tsuntsayen da Allah Maɗaukakin Sarki Ya arzuta ƙasashen Sifen da Fotugal da kudancin Faransa da su, akwai wata makwarwa, 'yar uwar fakarar da ke kuka da asuba a gefen gonakinmu, sai dai ita bakinta da ƙafafunta ja wur suke, maƙogwaronta fari fat da baƙin layi kewaye da shi, nauyinta kuwa kimanin rabin kilo. Ta fi amincewa da ƙafarta bisa fiffikenta, domin idan ta ji motsi sai ta sunkuyar da kai ta sheƙa cikin ciyawa, ba ta tashi sama sai an ƙure ta.

Abin da ya fi cancantar tsokaci cikin al'amarinta shi ne sha'anin ƙwai, wanda Aristo ya ambata tun zamanin Yunanawa, Shehu Damiri kuma ya kawo shi cikin Hayatul Hayawan a babin hajal, wato makwarwa da Larabci, kana masu binciken zamani suka tabbatar: sau da yawa macen takan yi sheƙa biyu a ƙasa, ta zuba ƙwai goma ko fiye a kowace, namiji ya kwanta kan ɗaya ita kan ɗaya, har kwana 23 ko 24, ta yadda idan yanyawa ta afka wa gida guda, zuriya ba ta yanke ba. Wannan hikima ce wadda babu malamin da ya karantar da ita.

Amma tadbirin da ya ishe ta ga namun daji bai ishe ta ga ɗan Adam ba. Mutanen Sifen, waɗanda ke rufe tatsuniyoyinsu da cewa ango da amarya sun zauna lafiya suna cin makwarwa, sukan ɗaure namiji cikin keji su ɓuya, ya yi ta kira har wani ya taho da fushin kishi, a harbe shi; tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Mafi muni a ganina shi ne miliyoyin da ake ƙyanƙyashewa a gidajen kiwo ana saki domin maharba, da yawansu ruwa biyu ne da wata makwarwa ta ƙasashen gabas, suna gurɓata asalin ta jeji, suna kai mata cututtuka. Wanda ke son wannan baiwa ta ɗore, wajibinsa ne ya bar mata ciyawar kan iyakar gona inda take sheƙa, ya kuma rage feshin da ke kashe ƙwarin da 'ya'yanta ke ci.