Magani Ma Yana Iya Ɓata Hanta

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maganin da muka haɗiye, ta hanta yake bi. Ita ce ke tace shi. In ya yi mata yawa, sai ita ma ta kamu.

A kasuwannin Ƙwanni da Malbaza da Illela, masu talla suna yawo da ƙwayoyi bisa tire cikin rana. Mutum ya taso daga gona jiki na ciwo, ya sayi parasitamol, ya ƙara da maganin mura. Bai sani ba, sau da yawa shi ma akwai parasitamol cikinsa. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini da dare. Ba a tashi ɗaya ba: biyu, sai bayan awa 6. Na yaro kuwa, likita ke aunawa. Abin tsoron shi ne, wanda ya sha fiye da kima yana iya kwana ɗaya ko biyu bai ji kome ba, alhali hanta tana lalacewa.

Har maganin asibiti yakan taɓa hanta. Na tarin fuka, wanda ake sha wata 6, yana ciki. Amma kada a guje shi don haka, tarin ya fi kisa.

Akwai wani ciwon hanji da ake kira Crohn. A 1998 Amurka ta yarda da wani magani nasa mai suna infliximab, wanda ake sawa ta jijiya. Yana aiki sosai, amma yana rage ƙarfin garkuwar jiki. In akwai ƙwayar ciwon hanta iri na B kwance cikin jini, sai ta farka. Shi ya sa ake awon jini tukuna. Wannan ya shafe mu, don mutane da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da ƙwayar ba su sani ba. A Nijar, rigakafinta ya shiga allurar jarirai a 2008.

In kana shan magani, ka ga idonka ya yi shawara, fitsari ya yi ja, ga tashin zuciya da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ka jira ranar kasuwa, kada ka ƙara da jiƙo. Ran nan ka tafi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Ƙwanni, ko na Galmi. Ka riƙa duk ƙwayoyin da kake sha tare da kwalinsu, har na tiren, ka nuna ma likita.