Kufai Wa'azi Ne Ga Mai Hankali

Fatake masu ratsa ƙasar Kabo da Gwarzo sun san alamar kufai: kukoki cunkus wuri guda, da matattun rijiyoyi, da ramukan karofi, da tudun ganuwa wanda ruwa ya cinye. Galibi akan wuce ba a waiwaya ba. Alhali kuwa akwai waɗanda suka mai da irin wannan wuri abin tuntuntuni.

A Ingila, tsakanin 1536 da 1541, Sarki Henri na Takwas ya rufe gidajen ibadar ruhubanawa, ya ƙwace dukiyarsu. Aka kwashe darmar rufi, ginin dutse ya zauna kango. Bayan shekara ɗari biyu da hamsin sai masu zane suka koma musu. A 1794 Turner ya zana kangon Tintern, ciyayi sun haye bango, mutane 'yan mitsi-mitsi a gindinsa. A Jamus kuma, a 1810, Friedrich ya gama hoton wani kango tsakanin itatuwa marasa ganye, ga ruhubanawa ɗauke da gawa suna dosar ƙofarsa.

Ba ado kaɗai suka nufa ba. Zamaninsu na yaƙe-yaƙe ne da juyin mulki, sai suka sa kango ya faɗi abin da ke zukatansu: ginin ɗan Adam mai ƙarewa ne, ko da don ibada aka yi shi, kuma itacen da ba wanda ya dasa shi yakan gaje wurin.

Wannan ba baƙon karatu ba ne ga malamai. Duk wanda ya karanta Imru'ul Ƙaisi ya san da tsayuwa a kufai ya buɗe ƙasidarsa. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ganuwar dutse ta Kanta kuwa tana nan a Surame ba kowa cikinta.

Amma fa ga bambanci. Su can sun kiyaye kangayensu, ana zuwa ana gani. A nan kuwa badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, an ɗebe ƙasarta, an gina gidaje a kanta wurare da yawa, balle ganuwar ƙananan garuruwa. In aka shafe kufai, da me za a nuna wa yaro cewa duniya ba matabbata ba ce?

Allah ya sa masu iko su lura, amin.