Me ya sa ba a cika tukunyar gas maƙil?

Idan ka kai tukunyarka wurin mai gas a Yelwa, mai yiwuwa ka taɓa ce masa, "Malam, ɗan ƙara mini gyara mana." A kasuwar shinkafa ko ta kifi gyara alheri ne. A wurin gas kuwa, gyaran nan zai iya cin rai. Bari mu ga dalili.

Ka girgiza tukunyar a hankali, za ka ji abu na motsi kamar ruwa. Ruwan ne kuwa. Gas ɗin girki haɗi ne na sinadarai biyu, furofen da butan, waɗanda aka matse har suka koma ruwa. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili, don haka da zarar ka buɗe kan tukunya sai ya koma iska ya bi tiyo zuwa murhu. Lita ɗaya ta ruwan tana bayar da kusan lita 250 ta iska.

Matsalar ita ce ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi, fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a tsaya a kusan kashi 80 cikin 100, a bar sarari a sama. Ka tuna zafin Yauri a watan Maris da Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40. A ce an cika maka tukunya maƙil da sanyin safiya, ka ɗaura ta a kan kabu-kabu zuwa Shanga ko Wara cikin rana. Ruwan zai kumbura ya rasa wurin zuwa, sai ya matsa wa ƙarfe da bakin tukunya. Daga nan sai yoyo, ko tsagewa idan tukunyar ta tsufa.

To yaya za ka san an zuba daidai? Da sikeli. A jikin tukunya akwai nauyinta idan ba komai ciki, galibi kusa da haruffan TW. Idan an rubuta kilo 13, kuma mai cin kilo 12.5 ce, sikeli ya tsaya a 25.5. Ƙasa da haka an rage maka, sama da haka an saka ka cikin haɗari. Ka duba shekarar da aka ƙera ta ma. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, tare da gwaji duk bayan shekara 5. Mai tsatsa a gindi ko wadda ta lotse, ka haƙura da ita.

Sai kuma wurin da kake saye. Juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shagon cikin unguwa, kusa da mai shayi ko janareta, kasada ce. A watan Janairun 2020 wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, mutane suka mutu, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Nemi wurin da ke da lasisin hukumar NMDPRA, a fili, mai abin kashe gobara.

Gas ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi sama. Masu tsallaka Tafkin Kainji su lura: a cikin kwalekwale yakan taru a gindin jirgi, kusa da inji da mai shan taba. Ka tsayar da tukunya a miƙe, a inuwa, kanta a rufe.

Da ka isa gida, ka shafa kumfar sabulu a bakin tukunya da mahaɗin tiyo. Idan ta yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Kada ka gwada da ashana. Warin nan da kake ji, da gangan aka zuba shi don ya faɗakar da kai, asalin gas ba ya wari. Idan ka ji shi, rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka fitar da yara waje.