In masu bincike suka zo ƙungiyarku

Iyayena da yayyena, da wuya a sami ƙungiyar adashi a Malam Madori da ba ta taɓa karɓar baƙi masu takarda da biro ba. Su zauna a tabarma su yi ta tambaya: 'ya'ya nawa, buhu nawa aka noma, ruwa ya ci gona? Su yi godiya su hau mota. Ni ma na taɓa raka irinsu, kuma har yau ina jin nauyin matan da suka amsa, don ban san inda amsarsu ta kwana ba.

Binciken haɗin gwiwa daban ne. Da ku za a zaɓi tambayar, da ku za a nemo amsar, da ku kuma za a kai ta gaban masu yanke hukunci.

An taɓa gwada irinsa a kan kogin nan namu. Bayan an gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana har da rani. Kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin jan-baki. Wasu gonaki suka nutse, mutanen da ke can ƙasa wajen Yobe kuma suna kukan ƙarancin ruwa. A farkon shekarun 2000, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa ya riƙa zaunar da manoma, masunta, makiyaya da jami'an gwamnati wuri guda, kowa ya faɗi abin da ya sani. Da wannan da aikin wasu ƙungiyoyi, a 2006 jihohi shida, wato Jigawa, Kano, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka hallara a Damaturu suka amince da tsarin kula da ruwan da asusun haɗin gwiwa. Kacala dai tana nan, kun fi ni sani. Amma maganar mai kwalekwale ta isa teburin gwamna.

Sai dai a irin waɗannan taruka maza ne suka fi magana. Alhali wa ya san kwana nawa ambaliya ta hana zuwa kasuwar Hadejia? Wa ya san nawa itacen turara shinkafa ya koma, ko mata nawa suka sayar da akuya don biyan rance? Duk yana cikin littafin zubinku. Shafukan watannin ambaliyar 2022 kaɗai shaida ce da ba a samun ta a ofis.

Don haka in baƙi suka zo, kafin a buɗe littafi ku tambaye su: wa ya aiko ku, wa za ku kai wa, yaushe za ku dawo ku karanta mana? Ba rashin kunya ba ne. Ku nemi zaman mata daban, a lokacin da ba na girki ba. Wadda ba ta son amsawa a ƙyale ta, kada kuma a rubuta sunan mai bashi. In sun ce ba tallafi suka kawo ba, ku yarda. Kada a ƙara gishiri don a samu shiga lissafi, domin lamba ɗaya ta ƙarya tana iya zubar da sauran.

Akwatinku makulli uku ne a hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Haka za ku yi da sakamakon. A karanta shi da Hausa a taro, ku gyara inda aka yi kuskure, a bar muku kwafi. Sannan ku zaɓi buƙata ɗaya, ba goma ba, misali gyaran kwalbatin da ke yanke muku hanya duk damina. Mata biyu ko uku su bi masu binciken zuwa wurin kansila da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, tun kafin a kammala kasafin kuɗin shekara. Magatakarda ta rubuta ranar da aka je, da abin da aka ce muku, da ranar komawa.